TARKON ƘWARON SAIWAR MASARA: Yadda Manoman Amurka Da Turai Suka Karɓe Shi

Masara tana cikin hatsin da aka fi nomawa a duniya, kuma babu ƙasar da ta kai Amurka yawan nomanta. A tsakiyar wannan ƙasa akwai wani yanki mai faɗin gaske, wanda ya haɗa jihohin Ayowa da Ilinoi da Nebaraska da Minisota da Indiyana, inda mutum zai yi tafiyar yini guda a mota ba ya ganin kome dama da hagu sai masara da waken soya. Manoman wannan yanki suna da wani abokin gaba wanda suka fi shekara 70 suna fama da shi, watau wata 'yar tsutsa mai cin saiwar masara a ƙarƙashin ƙasa. A cikin shekarar 1986 wani masanin ƙwari na Jami'ar Ilinoi mai suna Robert Metcalf ya ƙiyasta cewa abin da wannan tsutsa take jawo wa ƙasar, idan aka haɗa hasarar amfanin gona da kuɗin magani, ya kai dala miliyan 1,000 a kowace shekara.

Wannan ɗan littafi zai yi wa jama'a bayanin wata dabara mai sauƙi da masana suka fito da ita domin manomi ya san ko ƙwaron yana gonarsa, da yawan da ya yi, tun kafin ya kashe kuɗi wajen yaƙi da shi. Dabarar ita ce tarko. Zai kuma bayyana dalilin da ya sa manoma da yawa suka daɗe ba su karɓe ta ba, duk da arharta.

RAYUWAR ƘWARON

Masana kimiyya suna kiran dangin wannan ƙwaro Diabrotica. Iri biyu ne suka fi ɓarna. Akwai na yamma, mai launin ruwan ɗorawa da baƙin zane uku a baya, sa'an nan akwai na arewa, wanda yake kore ne ko fatsi-fatsi ba zane. Dukansu ba su wuce milimita 6 ko 7 a tsawo ba, watau kamar ƙwayar shinkafa.

Sau ɗaya suke haihuwa a shekara. Daga ƙarshen watan Yuli zuwa Satumba macen takan shiga tsagar ƙasa a gonar masara ta zuba ƙwai, ɗaruruwa. Ƙwan yakan kwana cikin ƙasa duk tsawon lokacin sanyi da ƙanƙara, ba ya ƙyanƙyashewa sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni na shekara mai zuwa, daidai lokacin da sabuwar shuka ta fara kafa saiwa. Abin da yake fitowa daga ƙwan wata farar tsutsa ce mai kai ruwan ƙasa, wadda idan ta gama girma ba ta fi rabin inci ba. Takan yi mako uku zuwa huɗu tana cin saiwa, ta fara da ƙanana, daga baya ta huda manya ta shige cikinsu. Sa'an nan ta kwanta cikin ƙasa ta rikiɗe, ta fito a watan Yuli tana ƙwaro mai fiffike, ta hau kara tana cin garin fure da gemun masara.

Ɓarnar tsutsar iri biyu ce. Masarar da aka cinye wa saiwa ba ta iya shan ruwa da taki yadda ya kamata, saboda haka goyonta ba ya cika. Kuma ba ta da abin riƙe ƙasa, da an yi ruwa da iska sai ta kwanta. Takan yi ƙoƙarin miƙewa, karan ya lanƙwashe kamar wuyan dinya, injin girbi kuwa ba ya iya kwashe masarar da ta kwanta sai ya bar da yawa a ƙasa. Saiwar masara tana fitowa ne zobe-zobe a gindin kara. Masana sun auna sun ga cewa duk zobe ɗaya da tsutsa ta cinye ƙurmus, manomi yakan yi hasarar wajen kashi 15 cikin 100 na amfaninsa.

Abin da ya sa wannan annoba ta fi sauran wuyar sha'ani shi ne ɓoye take. Fara ana ganinta tana tahowa, tsutsar ganye ana ganin inda ta ci, amma wannan tana aikinta ne inda ido ba ya kai wa. Ranar da manomi zai ga masara ta kwanta, aikin gama ya gama, babu maganin da zai mai da saiwar da aka cinye.

Amma ƙwaron yana da rauni guda babba. Tsutsarsa ba ta rayuwa sai a saiwar masara da ta wasu 'yan ciyayi kaɗan, kuma ba ta iya tafiya mai nisa cikin ƙasa. Idan ta ƙyanƙyashe ta tarar an shuka waken soya a gonar, yunwa ce za ta kashe ta cikin 'yan kwanaki. Don haka ne sauya shuka, watau bana masara baɗi wake, ya daɗe yana zama babban magani wanda ba a saya da kuɗi.

YADDA MAGUNGUNA SUKA RIƘA GAZAWA

Wani masani mai suna John LeConte ne ya fara bayyana ƙwaron yamma a rubuce a cikin 1868, daga waɗanda aka kama a Kansas a kan wani duman daji. Sai a 1909 aka ba da labarin ya ɓata masara a jihar Kolorado. Bai zama annoba ba sai wajen shekarun 1940, sa'ad da manoman Nebaraska suka sami ban ruwa da takin zamani, suka shiga shuka masara a gona ɗaya shekara da shekaru ba hutawa. Daga nan ya bazu gabas, har ya kai jihohin bakin tekun Atlantika a cikin shekarun 1980.

Tun daga wannan lokaci duk makamin da aka ɗauko sai ƙwaron ya sami hanyar kauce masa. An fara da zuba maganin aldrin da heptachlor a cikin ƙasa, amma kafin a shiga shekarun 1960 sosai an ga sun daina kashe shi a Nebaraska. An koma feshin manyan ƙwarin da wasu magunguna, su ma a shekarun 1990 suka fara gazawa a wannan jiha.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne yadda ya karya lagon sauya shuka. Ƙwaron arewa, a Minisota da Ayowa da Dakota ta Kudu, sai wani kashi na ƙwansa ya riƙa kwana shekara biyu a ƙasa, ya tsallake shekarar wake, ya ƙyanƙyashe ranar da aka dawo da masara. Na yamma kuwa wata hanya ya bi. A 1987, kusa da wani ƙaramin gari a gabashin Ilinoi, aka ga masarar da aka shuka bayan waken soya ta lalace. Da aka bincika sai aka tarar matan ƙwaron suna barin gonar masara su tafi gonar wake su zuba ƙwai, watau daidai inda za a shuka masara baɗi. A 1995 abin ya game gabashin Ilinoi da yammacin Indiyana, manoman da ba su taɓa sayen maganin tsutsar saiwa ba suka wayi gari masararsu tana kwance.

A 2003 aka fito da irin masara da aka sarrafa ƙwayoyin halittarsa, wanda saiwarsa take yin wani sinadari mai kashe tsutsar, ana kiransa irin Bt. Manoma suka rungume shi hannu biyu-biyu. Shekara shida kacal bayan haka, a 2009, aka sami gonaki a Ayowa inda tsutsar ta ci wannan iri ta ƙoshi. Aaron Gassmann na Jami'ar Jihar Ayowa da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken a 2011, suka nuna cewa gonakin duk an shuka musu iri guda ne aƙalla shekara uku a jere. Daga baya an tabbatar da irin wannan juriya ga dukan sinadaran Bt guda huɗu da aka yi domin wannan tsutsa.

Dalilin duk wannan ɗaya ne. Idan aka zuba magani a kowace gona kowace shekara, ko da ƙwaro ko babu, to 'yan ƙalilan ɗin da suka tsira su ne za su hayayyafa, 'ya'yansu kuma su gaji taurin ransu. Masana suka ce mafita ita ce kada a taɓa magani sai inda ake bukatarsa. To, ta yaya za a san inda ake bukatarsa alhali tsutsar tana ƙarƙashin ƙasa? Amsar ita ce a ƙirga iyayenta. Yawan ƙwarin da suke yawo a gona a watan Agusta na bana shi ne zai nuna yawan ƙwan da aka zuba, shi kuma ya nuna yawan tsutsar baɗi.

TARKON DA YADDA AKE ƊANA SHI

Da farko da ido ake ƙirgawa. Mutum ya shiga gona a hankali, ya riƙe gemun masara da hannu ɗaya don kada na ciki su tsere, ya ƙirga na jikin kara da ganye, sa'an nan ya buɗe hannu ya ƙirga na gemu. Haka zai bi kara 50 ko fiye. Ko da yake an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, a nan kimar ba ta isa ba, domin ƙwaron yana da saurin tashi, kuma ƙirgar safe dabam take da ta tsakar rana. Tarko kuwa yana nan dare da rana, ba ya gajiya.

Wanda aka fi amfani da shi wani kwali ne mai launin ruwan ɗorawa, girmansa kamar shafin babban littafi, an shafe fuskarsa da danƙo wanda ba ya bushewa, an kuma ja masa layuka gida-gida don sauƙin ƙirga. Kamfanoni suna sayar da shi, sanannensu shi ne mai suna Pherocon AM. Ba a sa masa wani ƙamshi, launin kaɗai ne yake jawo ƙwaron, da ya sauka sai ya manne. Duk wanda ya taɓa ganin yara suna kama tsuntsu da danƙo ya riga ya san asalin dabarar.

A gonar masara ana naɗe kwalin a jikin kara daidai wurin goyo, fuskar danƙo tana waje, a cire ganyen da zai iya mannewa da shi. A gonar wake kuwa turke ake kafawa a ɗaure shi ya ɗan ɗara ganyen tsawo. Ba a ɗana shi a bakin gona, domin ƙwarin baki baƙi ne masu wucewa, ba su nuna abin da ke ciki. Akan jera tarkunan a layi ɗaya zuwa tsakiyar gona, tsakanin kowane biyu kamar mita 50. Ana farawa ne sa'ad da ƙwarin suka fito sosai, wajen tsakiya ko ƙarshen Yuli, a riƙa cire tsoho ana sa sabo duk bayan kwana bakwai, har mako huɗu ko fiye. Masanan Ilinoi sun ba da shawarar tarko 12 a gonar wake. Shirye-shiryen baya-bayan nan sun rage zuwa 4, don kada yawan aikin ya kori manomi.

Lissafin ba shi da wuya. A haɗa ƙwarin da aka kama, a raba da yawan tarkuna, a sake rabawa da yawan kwanaki. Alal misali, idan tarko 4 suka kama ƙwaro 70 cikin kwana 7, to 70 a raba gida 4 a sake raba gida 7, ya ba da biyu da rabi, watau ƙwaro biyu da rabi ga kowane tarko a kowace rana. Wannan adadi ne ake gwadawa da iyakar da masana suka tsayar. A binciken 1985 iyakar ita ce ƙwaro 6 a gonar masara, daga baya aka tsayar da 5 a gonar waken Ilinoi. Da aka sake aunawa a Ayowa sai aka rage: 2 a gonar masara, ɗaya da rabi a gonar wake. Ba abin mamaki ba ne iyaka ta motsa, domin ta dogara ne ga farashin masara da tsadar magani. Idan masara ta yi daraja, ɓarna kaɗan ma ta isa a kashe mata kuɗi. Manomin da ke cikin misalin nan, wanda ya sami biyu da rabi, ya haye iyakar yanzu. Abin da ya fi masa shi ne baɗi ya shuka wake a wannan gona. In kuwa tilas sai masara, to ya tanadi kariya. Maƙwabcinsa da ya kama 28 kawai, watau ƙwaro ɗaya a rana, yana iya shuka iri na yau da kullum ya riƙe kuɗinsa.

Akwai wasu tarkuna iri biyu. Ɗaya yana amfani da ƙamshin da macen take fitarwa don kiran namiji, wanda masana suka gano sinadarinsa a 1982 suka iya haɗa shi a ɗakin gwaji. Maza kaɗai yake kamawa, amma yana jawo su daga nesa ko da 'yan ƙalilan ne a yankin. Ɗayan kuwa wani ɗan kwalabe ne mai huji-huji da ake zuba wa garin duma mai ɗaci haɗe da guba. Wani abin al'ajabi game da wannan ƙwaro shi ne yana matuƙar son irin ɗacin nan da ke cikin kwartowa, wanda yawancin ƙwari da dabbobi suke gudu. Da ya ɗanɗana ba ya iya bari.

ABIN DA YA HANA MANOMA KARƁA

Kuɗin tarkunan gona guda bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin zuba wa gonar magani. An kuma nuna a fili cewa magani da yawa a banza ake zuba shi. A 1990 da 1991 masanan Jami'ar Ilinoi suka haɗa kai da wasu manoma, kowa ya bar 'yan layuka a gonarsa ba magani. Da aka tono saiwa aka duba, ƙasa da rabin gonakin ne ɓarnar ta kai yadda magani zai biya kuɗinsa. Duk da haka tarkon bai zama kayan aikin kowane manomi ba, ya fi yawa a hannun malaman gona da ƙwararrun da ake biya su duba gonaki.

Dalili na farko wahala ce. A watan Agusta masarar Amurka ta fi mutum tsawo, an shuka ta a matse, iska ba ta ratsa ta. Wanda zai shiga tsakiyarta sai ya sha zafi da gumi da ƙaiƙayin garin fure, ganye yana yankar fuska. Danƙon yana kama hannu da riga. Kwalin kuma ba ƙwaron saiwa kaɗai yake kamawa ba, har ƙuda da sauran tarkace, sai mutum ya zauna ya rarrabe. Manomi guda a can yakan riƙe ɗaruruwan hekta, gonaki goma ko ashirin a warwatse, ba shi da ma'aikaci sai ɗaya ko biyu. Abin da yake aikin awa guda a gona ɗaya ya zama na kwanaki a kowane mako.

Na biyu, ladan aikin ba ya zuwa nan take. Wanda ya ƙirga ƙwaro a Agusta ba masarar da ke gabansa zai ceta ba, ta baɗi ce. Kamfanonin iri kuwa sukan ba da ragi ga wanda ya yi oda da wuri, kuma sau da yawa irin da ya fi ba da amfani an riga an haɗa shi da kariyar Bt, ba a samunsa tsura. Idan haka ne, ƙirgar ba ta canja abin da manomi zai saya. Har ila yau, kashi mai yawa na gonakin yankin haya ce, wanda bai tabbata gonar za ta kwana a hannunsa baɗi ba ba zai sha rana yana ƙirga mata ƙwaro ba.

Amma dalilin da ya fi nauyi shi ne tsoro, kuma ba tsoron banza ba ne. Tarko yana faɗin yawan iyaye ne, ba ya faɗin abin da zai sami ƙwai. Sanyi mai tsanani ba tare da ƙanƙara ta rufe ƙasa ba yana kashe ƙwai. Ruwan da ya kwanta a gona lokacin ƙyanƙyasa yana kashe tsutsa. Wani lokaci tarko ya cika, baɗi ba a ga ɓarna ba. Wani lokaci kuma ya nuna kaɗan, fari ya zo, ɓarna kaɗan ta zama babba domin masarar ta kasa sake saiwa. Kuskuren nan biyu ba nauyinsu ɗaya ba a wurin manomi. Wanda ya zuba maganin da ba a bukata ya yi hasara, amma babu wanda ya gani, shi kansa bai sani ba. Wanda ya bar magani masararsa ta kwanta, duk mai wucewa a kan hanya ya gani, mai gonar ya gani, banki ma ya ji labari. Saboda haka manomi yakan ɗauki magani tamkar inshora, ya ce rigakafi ya fi magani. Gaskiyarsa ce a gonarsa shi kaɗai. Illar tana fitowa ne sa'ad da dubban manoma suka yi wannan lissafi a lokaci guda, maganin ya mutu a hannun kowa.

Abin lura shi ne karɓar tarko takan tashi ne duk sa'ad da wani makami ya karye. Bayan 1995 manoman Ilinoi da Indiyana da yawa sun kafa turaku a gonakin wake, domin ba su da wata hanyar sanin ko sabon ƙwaron ya iso gundumarsu. Da irin Bt ya zo sai sha'awar ta yi sanyi. Da shi ma ya fara gazawa aka sake waiwayar kwalin. A 2021 masanan jihohi da dama na Amurka da na Kanada suka haɗa wani shiri na raba wa manoma tarkuna, manomi ya ƙirga ya aiko da adadi, su kuma su haɗa taswirar yankin duka su mayar masa. Wannan ya gyara abu biyu: ya ɗauke kuɗin, ya kuma sa ƙirgar mutum ɗaya ta zama da amfani ga maƙwabtansa.

A ƘASASHEN TURAI

A 1992 aka ga ƙwaron yamma a wata gonar masara kusa da filin jirgin saman Belgirad, a ƙasar Sabiya ta yanzu. Ya shiga Hungari da Kuroshiya a 1995, Romaniya a 1996. An kama shi kusa da filin jirgin Benis a Italiya a 1998, kusa da filayen jirgin Faris a 2002, kusa da na Landan a 2003, sa'an nan a kudancin Jamus a 2007. Binciken ƙwayoyin halittarsa da aka buga a 2005 ya nuna cewa ba sau ɗaya ya ƙetaro teku ba, aƙalla sau uku ne dabam-dabam.

A nan aikin tarko ya bambanta. Abin da ake so a sani shi ne ko ƙwaron ya iso, saboda haka tarkon ƙamshin mace aka fi amfani da shi, musamman wanda masanan cibiyar kare tsirrai ta Budafes suka ƙera. Kuma ba manomi ne yake ɗanawa ba, ma'aikatan gwamnati ne, a kewayen filayen jirgi da manyan hanyoyi. A 2003 Tarayyar Turai ta kafa doka cewa duk inda aka kama shi a sabon wuri za a shata da'ira ta aƙalla kilomita 1, da wata ta kilomita 5 a bayanta, a tilasta sauya shuka da sauran matakai. Sai ya zamana tarkon da a Amurka yake ceton kuɗin manomi, a Turai yana iya zama sanadin hana shi shuka abin da yake so, don haka ba kowa ne ya yi maraba da ganinsa a gefen gonarsa ba. A 2014 Tarayyar ta soke dokar, ganin ƙwaron ya riga ya zauna a ƙasashe da yawa. Suwizalan, wadda ba ta cikin Tarayyar, ta bi hanyar hana shuka masara bayan masara a kewayen kilomita 10 na inda aka kama shi, kuma ta daɗe ba ta ga ɓarna mai yawa ba.

Jamus ta ga illar gaggawa. A cikin bazarar 2008 aka shuka irin masara da aka turara da maganin clothianidin mai ƙarfi a kwarin kogin Rayin don tare wannan ƙwaro. Maganin bai kama jikin irin sosai ba, ƙurarsa ta tashi daga injin shuka ta sauka a kan furanni, ta halaka ƙudan zuma a amya fiye da 11,000. A watan Mayu na shekarar gwamnati ta dakatar da shi.

Inda aka fi samun nasarar sa manomi ya riƙe tarko da hannunsa shi ne a shirin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara a 2003 a ƙasashe 7 na tsakiya da gabashin Turai. Ba lacca aka yi wa manoma ba. An tara su ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya da gonar gwaji, su ɗana tarko, su ƙirga, baɗi su tono saiwa su wanke su gwada da abin da tarkon ya faɗa. Wanda ya ga haka da idonsa shekara biyu ba ya bukatar a roƙe shi. A arewa maso gabashin Italiya kuma an kai hannu ga tushen tsoron. Manoma suka kafa asusun taimakon juna, kowa ya zuba 'yan kuɗi kaɗan a kan kowace hekta, ƙasa da kuɗin magani nesa ba kusa ba. Wanda ya bi shawarar masu duba gona ya bar magani, sa'an nan ƙwari suka yi masa ɓarna, asusun ne zai biya shi.

ABIN DA YA SHAFI NIJERIYA

Ba a sami wannan ƙwaro a gonakin Afirka ba, saboda haka babu dalilin da zai sa manomin Nijeriya ya nemi tarkonsa ko maganinsa. Amma wata annobar masara daga nahiyar Amurka ta riga ta iso. A farkon 2016 masanan cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan suka tabbatar da ɓullar tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ake kira Spodoptera frugiperda, kuma cikin shekara biyu ta game kusan dukan ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. Ita ma da tarkon ƙamshin mace ake bin sawunta, wani mai kamar ɗan bokiti da ake ratayewa a gona, yana kama mazan malam-buɗe-littafin dare da ke haifar da ita. A 2018 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta fito da manhajar wayar hannu wadda malamin gona ko manomi zai shigar da adadin da ya kama.

Bambancin da ke tsakani yana da muhimmanci. Tsutsar zuciyar masara tana haihuwa sau da yawa a damina ɗaya, don haka gargaɗin tarkonta na kwanaki ne, ba na baɗi ba. Idan adadi ya tashi a wannan mako, lalle ne a shiga gona a duba ganye da zuciyar shuka a ga ko ƙwai da ƙananan tsutsotsi sun bayyana, kuma abin da aka gani a jikin shukar ne zai yanke ko za a yi feshi. Ƙamshin da ke cikin tarkon yana sanyi bayan 'yan makonni, dole a riƙa sabunta shi, a kuma ajiye wanda ba a buɗe ba a wuri mai sanyi nesa da rana.